KARAYAR ƘASHIN CINYA A CIKIN GWIWA

Ya kai mai gida, karaya iri iri ce. Akwai wadda ke samun ƙashi a tsakiyarsa, nesa da gaɓa. Akwai kuma wadda ke shiga cikin gaɓar kanta. A kan wannan ta biyu za mu yi magana, musamman wadda ke samun gindin ƙashin cinya, daidai inda ya sauka cikin gwiwa. Ba kasafai ake samunta ba. Sai mutum ya yi shekaru yana aiki a ɗakin magani bai ga fiye da 'yan kaɗan ba. Amma duk gidan da ta shiga, in ba a san abin yi cikin kwanakin farko ba, takan bar musu gurgu, sau da yawa kuwa shi ne mai ciyad da gidan.

YADDA GWIWA TAKE

In kana so ka gane maganar nan sosai, ran kasuwa ka tsaya wurin mahauci, ka ce ya nuna maka ƙashin cinyar sa bayan ya cire naman. Dubi ƙarshensa na ƙasa. Za ka ga ya yi kauri, ya rabu dunƙule biyu, suna jere gefe da gefe, da ɗan kwari a tsakaninsu. Shafa su da yatsa. Za ka ji santsi kamar cikin sabon tangaran. Wannan farin abu mai santsi shi ne guringuntsi.

Na mutum ma haka yake. Ƙashin cinya ya fi kowane ƙashi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Dunƙule biyun nan nasa suna zaune bisa kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana gabansu. Duk sa'ad da ka tsuguna ko ka miƙe, suna mirginawa bisa ƙashin ƙwauri, akwai kuma wani ruwa mai yauƙi cikin gaɓar wanda ke yi musu aikin mai. Shi ya sa mutum ke yini yana tafiya ba ya jin ƙasusuwansa na gugar juna.

Bayan gwiwa kuma, cikin wannan lungu mai taushi, babbar jijiyar jini ce ta bi, manne da ƙashi. Ita ke kai jini ƙwauri da tafin ƙafa. Jijiyoyin da ke sa ƙafa ta ji taɓi, ta kuma motsa, su ma nan suka bi. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

YADDA TAKE KARYEWA

A zamanin nan babur ya fi kome jawo ta. Dubi yadda mai babur ke zama: gwiwa a lanƙwashe, ita ce a gaba. In aka yi karo, gwiwar ce ke fara cin bugu, ƙarfin bugun ya bi ƙashin ƙwauri ya daki dunƙulen nan. Faɗowa daga bisa itace wajen sassabo wa dabbobi ganye, ko daga kan soro wajen yaɓe, ko cikin rijiya, duk suna kawo ta. Ga tsofaffi, musamman mata waɗanda ƙashinsu ya yi sanyi da shekaru, santsi a bakin randa kawai ya isa.

Wani lokaci dunƙule biyun ke rabuwa da juna, su kuma rabu da sauran ƙashin. Wani lokaci guda ɗaya ke ɓallewa. Akwai kuma wadda ta fi su duka wuyar ganewa. Ita ce wadda bayan dunƙule ɗaya ke tsagewa ya fita, kamar yadda kake ɓare goro gida biyu, ɓarin gaba ya zauna wurinsa, ɓarin baya ya koma shi kaɗai cikin gaɓa. Likitoci na ce mata karayar Hofa, da sunan wani likita Bajamushe da ya yi bayaninta a 1904. Ta fi samun dunƙulen waje bisa ga na ciki.

Abin da ke ruɗin mutane game da ita shi ne ƙafa ba ta karkacewa, ba ta kuma gajarcewa. In ka dube ta sai ka ga a miƙe take sarai. Gwiwa dai ta kumbura tim cikin ɗan lokaci kaɗan, gama jini ne ya cika gaɓar, mutum kuma ba ya iya taka ƙafar. Sai 'yan'uwa su ce, "Ai targaɗe ne, da karaya ce da mun gani." To, ka sani ƙaramin targaɗe ba ya cika gwiwa da kumburi cikin awa ɗaya ko biyu. Gwiwar da ta kumbura nan da nan bayan bugu mai ƙarfi, mai ita kuma ya kasa tsayawa a kanta, ka ɗauka karaya ce har sai hoto ya nuna ba ita ba ce.

ME YA SA ƊORI BA YA YI MATA?

Ba na raina masu ɗori. Sana'a ce ta gado, kusa suke da mu, ba sa tsawwala kuɗi, suna kuma da haƙuri da majinyaci. Akwai daga cikinsu waɗanda da sun taɓa gwiwa irin wannan za su ce, "Wannan ba tawa ba ce, ku kai shi asibiti." Irin waɗannan su suka san aikinsu. Amma bari ka ji dalili, don kada ka ce malamin asibiti kishi yake yi.

Mai ɗori daga waje yake aiki. Yakan ja ƙafa, ya daidaita ƙashi da hannu, ya jera kara ya ɗaure. Ɓarin ƙashin da ya faɗa cikin gwiwa kuwa hannu ba ya kai wa gare shi. Yana can ciki, nama da jijiyoyi sun rufe shi, ba ya kamuwa balle a mai da shi wurinsa. Kara kuma ba ya riƙe shi, gama kara fata yake dannawa, shi kuwa ɓarin yana iyo cikin ruwan gaɓa. Ko yaya mutum ya motsa ƙafa, ƙashin ƙwauri na tura shi, naman sha-raɓa kuma na jan sa baya.

Ga kuma wani abu. Ƙashi da jini yake warkewa. Karayar tsakiyar cinya nama ne ya kewaye ta ta kowane gefe, jini na isa gare ta a wadace. Wannan ɓari kuwa yawancin jikinsa guringuntsi ne, naman da ke manne da shi kaɗan ne, saboda haka jinin da ke kai masa ba shi da yawa. In ba a matse shi gam da uwar ƙashin ba, sai ya ƙi kamawa sam, ko kuwa ya kama a karkace.

Kama a karkace a tsakiyar ƙashi, mutum na iya rayuwa da shi, ɗan ɗingishi ne. A cikin gaɓa kuwa ba haka ba ne. Tuna santsin nan da ka shafa wurin mahauci. In aka sami tudu ko gargada a wurin, ko da na milimita 2 ne, watau kamar ƙwayar gero, to duk taku ɗaya sai ya kankari guringuntsin da ke ƙarƙashinsa. Yau da gobe guringuntsi ya cinye, shi kuwa ba ya sake tsirowa kamar da. Sai ka ga saurayi ɗan shekara 30 da gwiwar tsoho, tana ciwo dare da rana.

Sa'an nan ga ƙagewa. Gwiwar da aka ɗaure wata biyu ko uku ba motsi, jinin da ya taru ciki yakan daskare ya manne kome da kome. Ran da aka kwance, ƙafa ta zama sanda. Mai ita ba ya tsugunawa a bayan gida, ba ya zaman tahiya, ba ya duƙawa da fartanya yadda ya saba, hawan jaki ma sai an ɗora shi.

Mafi muni duka shi ne ɗauri mai tsanani bisa ƙafar da ke kan kumbura. Kumburi na ƙaruwa, ɗauri ba ya saki, sai hanyar jini ta toshe. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, ƙafa ta fara wari. Mutane kan ce asibiti yanke ƙafa suke yi. Da yawa daga cikin ƙafafun da ake yankewa bayan karaya sun riga sun mutu tun a gida kafin a kawo su, likita ya yanke ne don ruɓar kada ta hau ta kashe mai ita.

ABIN DA ZA KA YI NAN TAKE

Kada a tashe shi tsaye don a gwada ko zai iya takawa. Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A bar ta yadda aka same ta. A samo katako ko damin kara mai ƙarfi, tsawonsa daga ƙugu har idon sawu, a naɗe shi da zane don kada ya ci fata, a sa a gefen ƙafar, a ɗaure da tsumma mai faɗi a sama da gwiwa da ƙasa da ita. Kada ƙulli ya hau kan gwiwar. Ɗaurin ya zama yatsanka na iya shiga ƙarƙashinsa.

Sa'an nan dubi yatsun ƙafarsa. Taɓa su, ka taɓa na ɗaya ƙafar, ka gwada ɗuminsu. Danna farce har ya yi fari, ka saki, ka ga ko jini ya komo nan da nan. Ka ce ya motsa su. Ka tambaye shi ko yana jin hannunka. In ƙafar ta yi sanyi, ko ta koɗe, ko ba ya jin taɓi, to ƙashin ya taɓa babbar jijiyar nan ta bayan gwiwa da muka ambata. Wannan ba ta jiran gari ya waye. Naman da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

In akwai rauni, ko ƙashi ya huda fata, a rufe da wankakken ƙyalle a danna don jini ya tsaya. Kada a mai da ƙashin ciki. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man birki, ko garin magani kowane iri. Duk abin da ka zuba, likita sai ya wanke shi ƙwaya ƙwaya, wanda ya ɓuya kuwa shi ke zama mugunya cikin ƙashi. Mai irin wannan rauni yana bukatar allurar riga-kafin ciwon nan mai sa haƙora su sarƙe, wanda ake kira tetanus.

A ɗauke shi a kwance bisa ƙyaure ko gadon kara, mutum huɗu. Kada a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu ƙafa na lilo, hanyar ƙauye kuwa ka san ta. Ke uwar gida, na san tausayi zai sa ki dama masa kunu ko fura. Ki haƙura tukuna. In za a yi masa aiki ran nan, ana so cikinsa ya yi kamar awa 6 ba abinci, in ba haka ba sai a ɗaga aikin.

Ku fara biyowa ta ɗakin magani in yana kan hanya. Mu ba mu da na'urar hoto, ba ma kuma yin wannan aiki. Abin da za mu yi shi ne mu ba shi maganin zafi, mu gyara ɗaurin, mu wanke rauni, mu rubuta muku takarda zuwa babban asibiti. Takardar nan ku riƙe ta da kyau, tana rage muku yawo.

A BABBAN ASIBITI

Za a ɗauki hoton ƙashi, ta gaba da ta gefe. Karayar Hofa takan ɓuya a hoton gaba, domin ɓarin gaba yana tare na baya. Saboda haka in likita ya ce a sake hoto, ko ya ce a je a yi wani babban hoto da ake kira siti-sikan, wanda ke nuna ƙashi yanka yanka, kada ka ce neman kuɗi ne. In kuwa an ce hoto bai nuna kome ba, amma bayan kwana biyu ko uku mutum bai iya takawa ba, gwiwa na nan tim, ku koma ku faɗa.

Ba kowane asibiti ke da likitan ƙashi ba. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Akwai asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri. In an tura ku ɗayansu, ku tafi, kada ku ratse gida "a yi shawara" har mako ya wuce. Ku tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya, gama karayar cinya takan zubad da jini a ciki fiye da lita guda, ana iya bukatar wanda zai ba da jini.

Aikin kansa ga yadda yake. Galibi allura ake yi a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na 'yan awoyi, mutum na farke amma ba ya jin zafi. Wani lokaci kuma barci ake sa shi. Likita ya tsaga gefen gwiwa, ya wanke daskararren jini, ya ga ɓarin ƙashin da idonsa. Sai ya mai da shi mazauninsa, ya daidaita bakin tsagar har in ya shafa bai ji gargada ba. Ka san yadda gyartai ke haɗa bakin fasasshiyar ƙwarya daidai wa daida kafin ya fara ɗinki? To, haka nan. Daga nan ya kafa kusoshi masu murɗi, irin sukurun kafinta, sau da yawa guda biyu ko fiye, su ratsa tsagar su matse ɓarin da uwar ƙashi. Kan kusar ana nutsad da shi don kada ya goge gaɓa. In ƙashin ya farfashe da yawa, ko na tsoho ne marar ƙwari, sai a ƙara wani ƙarfe mai faɗi mai huda-huda, a kwantad da shi jikin ƙashin, a ɗaure da kusoshi. In da mummunan rauni a fata, wani lokaci akan fara kafa ƙarfe ta waje ya riƙe ƙafar, sai rauni ya yi kyau a yi babban aikin.

Tambayoyin da aka fi yi mini a kan ƙarfen nan su ne ko zai yi tsatsa, ko zai jawo tsawa da damina. Ba ya tsatsa, gama ba irin ƙarfen maƙera ba ne, an yi shi musamman don zama cikin jiki. Ba ya kuma jawo tsawa. Mutane da yawa suna nan da nasu shekara da shekaru, suna noma. Ba a cire shi sai in yana damun mai shi, wannan kuma likita ne zai faɗa. Ka kuma gane, ƙarfe ba ya warkad da ƙashi. Riƙe shi yake yi wuri ɗaya har jiki ya yi nasa aikin.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan ɓoye maka ba, aikin yana da tsada, wataƙila sai an sayad da dabba. Ka tambayi kuɗin tun farko, ka kuma nemi ofishin da ke duba masu ƙaramin ƙarfi, manyan asibitoci suna da shi. Amma ka auna da wannan: aikin da aka yi cikin makon farko ya fi sauƙi, ya fi araha, ya fi kyau. Wanda aka kawo bayan wata uku a gidan ɗori, sai an sake ɓalle abin da ya kama a karkace, wani lokaci har a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbi, gwiwar kuma da wuya ta koma yadda take. Duk da haka, in kana da irin wannan a gida yanzu, kawo shi. Akan rage masa wahala ƙwarai.

IN YARO NE

Ga yaro akwai wani abin lura. Dab da gwiwa, a gindin ƙashin cinya, akwai wani faifan guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo. Wajen kashi 70 cikin 100 na tsawon da ƙashin cinya ke yi daga nan yake fitowa, kimanin santimita 1 kowace shekara. In karaya ta bi ta wurin, ƙafar na iya daina tsawo, ko ta tsiro a karkace, ba kuwa za a gani ba sai bayan shekara guda ko biyu. Don haka yaron da ya karye kusa da gwiwa, ko ya warke yana guje-guje, a ci gaba da kai shi duk ranar da likita ya sa.

BAYAN AN KOMO GIDA

Nan ne aikin ya dawo hannunku. Doka biyu ce, mutane kuwa sukan juya su. Ta farko, a lanƙwasa gwiwa da wuri. Ta biyu, kada a taka ƙafar da wuri. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya ƙi lanƙwasawa don zafi, amma ya yi ta dogarawa zuwa masallaci ko kasuwa don ya gaji da kwanciya.

Amfanin kusoshin nan ke nan, suna ba da dama a motsa gaɓa tun ƙashi bai gama kamawa ba. Ma'aikatan gashi za su koya masa tun yana asibiti: ya zauna bakin gado ya bar ƙafar ta sauka a hankali, ya kwanta ya ja diddige zuwa gare shi, ya miƙe ƙafa ya ƙanƙame naman cinya ya saki. A yi kowace rana, sau da yawa, gwargwadon yadda aka nuna masa. Akwai zafi, ba shakka. A ba shi maganin zafin da aka rubuta kafin ya fara. Ke uwar gida, ko ɗansa babba, wani ya tsaya a kansa, gama mutum shi kaɗai yakan yi wa kansa sassauci. Amma kada wani ya kama ƙafar ya lanƙwasa da ƙarfin tsiya.

Taka ƙafa kuwa sai likita ya ga sabon hoto ya ba da izini, sau da yawa bayan wata biyu zuwa uku. Kafin nan da sanduna biyu zai yi tafiya, ƙafar a sama. Kusa na iya riƙe ɓarin ƙashi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙato. In aikin ya faɗo da damina, a nemi gayya ko a sa ƙodago, kada ya ce bari ya leƙa gona. A yi masa kujera mai rami don bayan gida. Salla kuma ya yi a zaune, ƙafa a miƙe.

Rauni a bar shi a bushe, a rufe, kada a shafa masa man shanu ko wani magani. Zare akan cire shi wajen mako biyu, mu ma muna cirewa a ɗakin magani in likita ya rubuta. A ba shi wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai, da kifi, da zogale, abin da ya samu dai. In yana shan taba ya bari, gama taba na hana ƙashi kamawa da wuri.

A komo da shi ba jira in rauni ya fara ruwa ko wari, ko jiki ya yi zafi, ko gwiwa ta sake kumbura ta yi ja. Haka kuma in sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya ɗauke masa farat ɗaya, gama jini kan daskare cikin jijiyar wanda ya daɗe a kwance, wannan kuwa na gaggawa ne. Hotunansa da katinsa a sa su cikin leda a ajiye a akwati inda gara da ruwa ba za su kai ba, a riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita.